Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Duk shekara, da zarar an ji ƙamshin dogon hutu, sai allunan sanarwa na ɗakunan kwana da na sassan karatu su cika da takardun yawon buɗe ido. Kowace ƙungiya da nata tsarin, amma in ka karanta ɗaya kamar ka karanta duka ne: a yi shatar doguwar mota, a tashi da asuba, a hau Dala da hantsi, a leƙa Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata kafin azahar, washegari a sha ruwan Kusugu a Daura, a tsaya gindin hasumiyar Gobarau a Katsina a ɗauki hoto, sa'an nan a niƙi hanya zuwa Yankari a yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Kwana biyar, jiha uku ko huɗu, a komo da ciwon baya da waya cike da hotuna. 'Yan'uwanmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, su ma haka suke yi da ɗan hutunsu na shekara in aljihu ya yarda, sai dai nasu ya fi tsada.

Ba mu ƙi wannan ɗungum ba. Wanda bai taɓa ganin giwa ba sai a littafin firamare yana da dalilin zuwa Yankari, kuma gani ya kori ji. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a komo daga irin wannan tafiya ana bugun ƙirji ana cewa an san ƙasa. Magabata sun daɗe da yanke wannan shari'a, suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Shawarar da muke kawowa gaban ɗalibai da ƙananan ma'aikata a wannan fitowa ita ce, ko da sau ɗaya ne kafin nauyin iyali da na ofis ya danne mutum, ya zaɓi ƙauye guda ƙarami, wanda ba nasu ba, ya sauka a cikinsa ya zauna mako uku ko huɗu, kada ya tsallaka ko'ina sai kasuwar da mutanen ƙauyen suke ci.

Wannan ra'ayi ya yi suna a Turai, kuma ba laifi mu faɗi yadda aka yi. A shekarar 1986 aka buɗe gidan abinci na McDonald's a tsakiyar birnin Rum, dab da wani dandali mai tarihi, sai wani ɗan jarida ɗan Italiya mai suna Carlo Petrini da abokansa suka tashi suna sukar abincin gaggawa, suna kiran jama'a su koma ga girkin gida da cin abinci a natse. A 1989 aka mai da abin ƙungiyar duniya a birnin Faris. A 1999 kuma wasu ƙananan garuruwa huɗu na Italiya, cikinsu har da Bra da Orvieto, suka ƙulla ƙawancen garuruwan da suka zaɓi rayuwar sannu-sannu, a ƙa'idarsu ba sa karɓar garin da mutanensa suka wuce 50,000. Daga wannan saiwa ne tunanin tafiyar sannu-sannu ya yi reshe: maimakon ƙasa bakwai cikin kwana goma, mutum ya kama ɗaki a ƙauye guda, ya ci abin da mutanen wurin ke ci, ya taka da ƙafa inda suke takawa. Su cunkoso ne ya ishe su. A 2024 an ƙirga zuwan 'yan yawon buɗe ido kimanin biliyan 1.4 tsakanin ƙasashen duniya. A wannan shekara birnin Benis, wanda mazauna tsohon garinsa suka ragu har ƙasa da 50,000, ya fara karɓar yuro 5 a ranakun cunkoso daga hannun baƙon da zai yi kallo ya tafi bai kwana ba, a Basalona kuwa 'yan gari suka fito zanga-zanga har suna fesa wa baƙi ruwa.

To, mu babu wanda zai ce baƙi sun hana Daurawa sakat. Ciwonmu daban ne, kuma a ganinmu ya fi nasu tsanani. Mu da muke zaune a waɗannan azuzuwa, nan da shekara biyar ko goma a hannunmu takardun ƙauyuka za su riƙa faɗowa. Wani zai sa hannu a kan inda za a haƙa rijiyar burtsatse, wani zai tsara ranar da takin zamani zai isa ga manomi, wani zai yanke wa makarantar ƙauye lokacin buɗewa da na tashi, wata kuma za ta shirya yadda za a kai rigakafi gida-gida. Da wane sani za mu yi wannan? In ba mu yi hankali ba, da sanin rangadi za mu yi shi, irin wanda muka gada daga Joji da Di'o: a aika da saƙo tun ana saura mako, a share gari, a fito da 'yan makaranta su jeru bakin hanya, dagaci ya sha rawani, baƙo ya zauna a inuwa ya saurari jawabi, ya karɓi ragonsa, ya shiga mota kafin la'asar. Shi Di'on ma, kafin mota ta yawaita, bisa doki yake zuwa, tilas ya kwana a barikin ƙauye. Mu ko kwanan ba ma yi.

Wani Baturen Ingila, Robert Chambers, wanda shi kansa ya taɓa aikin mulki a Kenya, ya fitar da littafi a 1983 inda ya yi wa irin wannan ziyara laƙabi da yawon buɗe idon raya karkara, ya kuma warware yadda take rufe wa mai ita ido. Mota kwalta take bi, masu ɗan hali kuwa su ne ke gina gida bakin kwalta, matalauta suna can ciki inda sai an tuɓe takalmi an ratsa rafi. Baƙo da rani yake zuwa, sa'ad da hanya ta bushe, rumbu da sauran hatsi, ana bukukuwa, jiki ya murmure. Ba ya zuwa da damina, lokacin da aiki ya fi yawa, abinci ya fi ƙaranci, zazzaɓi da gudawa suka fi kwantar da yara. Wanda zai tare shi ya yi masa bayani namiji ne, mai faɗa a ji, lafiyayye. Mara lafiya yana ɗaki, tsohuwa tana bayan gida, wanda bashi ya kora ya bar gari. Inda za a kai shi kuwa nan ne inda aikin gwamnati ya yi kyau, gonar gwaji mai allo a bakinta. Bugu da ƙari ga kunya: baƙo ba ya son ya tambayi abin da zai ɓata ran mai masauki, mai masauki ba ya son ya tona asirin garinsu gaban baƙo. Kowa ya yi ladabi, aka rabu lafiya, ba wanda ya yi ƙarya, amma rahoton da za a rubuta a ofis kallon kitse ne ake yi wa rogo. Duk wanda ya taɓa raka wani babba rangadi ya san ba a yi wa kowa ƙazafi ba a nan.

Maganin wannan makanta ba wani abu ba ne illa zama, kuma shaidarmu tana nan kusa da gida. A 1966 da 1967 David Norman da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka kafa ido a kan ƙauyuka uku kacal na ƙasar Zazzau, watau Dan Mahawayi da Doka da Hanwa, ma'aikatansu suna bin manoma a kai a kai har shekara ta zagayo, suna rubuta wanda ya yi wane aiki, a wace gona, na tsawon wane lokaci. A wancan zamani malaman gona suna ɗaukar haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a kan rashin wayewa ne, suna kira a shuka iri guda. Da aka zauna aka ƙirga, sai ta bayyana manomi ne da gaskiya. Haɗin ya fi kawo amfani a eka guda, ya fi biyan gumin da aka zuba a watannin Yuni da Yuli da noma ke shaƙe kowa, kuma in ruwa ya ci amanar wani iri, wani zai tsira. Haka kuma aka gano dalilin da ya sa manomi ke jinkirta shukar auduga duk da faɗan malamin gona: ba lalaci ba ne, hannu ne bai isa ba, kuma babu mai hankalin da zai bar gonar abincinsa ciyawa ta cinye don ya farantawa kamfanin auduga. Wannan sani ya sauya yadda ake binciken aikin gona a ƙasashe da dama. Da tagar mota aka dogara, har yau da muna zagin manomi a kan abin da ya fi mu sani.

A 1967 wata Baturiya, Polly Hill, ta yi watanni a Batagarawa, mil shida kudu da Katsina, littafinta ya fito a 1972. Kafin nan abin da masana da yawa ke ɗauka shi ne mutanen ƙauye kusan ɗaya suke, talakawa ne baki ɗaya, ƙasa kuwa ta ishi kowa. Ita da ta bi gida-gida sai ta tarar da rata mai faɗi tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Akwai mai rumbuna, mai taki, mai ajiye hatsi har ya yi tsada. Akwai kuma wanda talauci ya kai shi ga ba ya ko iya noma gonarsa: hatsinsa ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka, ya ci irin shuka, ranar da ya kamata ya yi noman tasa gonar yana gonar wani yana ƙwadago domin a sami na tuwon dare, kaka ta zo ya girbe kaɗan, ya sayar da araha ya biya bashi, baɗi a sake. Ta kuma nuna cewa matan da ke cikin kulle, waɗanda mai rangadi ba ya ko ganin inuwarsu, suna riƙe da wata babbar kasuwa ta cikin gida, ta hatsi da man gyaɗa da ƙuliƙuli da dafaffen abinci, yara ne ƙafafunta. Yanzu ku duba: jami'in da bai san da wannan rata ba, in aka ba shi taki ko rancen noma ya raba, hannun wa zai faɗa? Zai miƙa wa waɗanda suka tarye shi a ƙofar dagaci, ya koma ofis da zuciya fara.

'Yan'uwanmu mata ɗalibai su lura, a wannan fage sun fi mu dama, domin su suna wuce zaure, mu kuwa nan ne iyakarmu. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 Mary Smith ta zauna a ƙasar Zazzau da wata tsohuwa, Baba ta Karo, kullum suna hira da Hausa tana rubutawa, har aka sami littafin da ya fito a 1954. Ciki akwai zamanin hare-haren bayi, da zuwan Turawa, da aure da saki da goyo da ƙawance, duk ta bakin mace. Babu takardar tambayoyi da za ta fito da wannan cikin yini ɗaya. Sai an yi sabo, an ci goro tare, an yi shiru tare. Abin da ya kamata ya ɗan sosa mana rai shi ne, sunayen da muka ambata duka na baƙi ne daga ƙetaren teku, waɗanda harshen da mu muka tsotsa a nono ba nasu ba ne. Tsofaffi irin Baba ba su ƙare ba, akwai su a kowace unguwa, sai dai kullum ana binne su da abin da ke cikinsu.

Kada wani ya ɗauka wannan zance ne na sha'awa kawai. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, a 1978. A takarda aikin ba shi da aibu: ruwa zai samu, a yi noma rani da damina. Amma an tashi dubban mutane daga garuruwansu, an hana manoma shuka ana baje ƙasa, an tumɓuke itatuwan da suke ci daga jikinsu, maganar diyya ta yi ta jan ƙafa. Da manoma suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane da dama. Can ƙasa da madatsar kuma, fadamun da ke jiran ambaliyar kogi kowace shekara don shinkafa da kamun kifi suka ragu, domin ruwan da ya saba zuwa an tsare shi. Ba mu ce zaman wata guda a ƙauye zai hana kowace irin ɓarna ba, don inda kuɗi mai yawa ya shiga, ba jahilci kaɗai ke aiki ba. Amma injiniyan da ya taɓa zama a bakin fadama ya ga abin da ambaliya take nufi ga mai shinkafa, da wuya ya zana ta a taswira a matsayin ruwan da ke tafiya a banza.

Me zaman yake yi wanda ziyara ba ta yi? Abu na farko, yana cinye baƙunci. Hausawa suka ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Kwana ukun farko kai raɓa ne: a yanka maka kaza, a dama maka fura da nono mai kyau, yara su bi ka duk inda ka nufa, kowa ya gaya maka lafiya lau, sai godiya. Daga nan kaza ta ƙare, a koma tuwon dawa miyar kuka, yara su gaji da kai. Sai an gaji da kai ne za ka fara gani. Za ka lura da gidan da hayaƙi bai tashi ba da yamma. Za ka ga wanda ke fita da fartanya ya nufi gonar da ba tasa ba. Za ka san sau nawa yarinya take zuwa rijiya kafin hantsi, ka kuma gane dalilin da ya sa ba ta aji. Za ka ga famfon da ke ɗauke da allon gwamnati da ranar buɗewa, ka tambayi yaushe rabon da ya kawo ruwa, a gaya maka ɗan ƙarfen da ya lalace da kuɗinsa, ka yi mamakin ƙanƙantarsa. Za ka san ranakun da malamin makaranta ke zuwa, da abin da ke cikin kabad ɗin asibitin sha-ka-tafi. In ka ci kasuwa huɗu a jere, kuɗin tiyar gero kaɗai zai karanta maka darasin da ba a gama shi a zangon karatu guda. Kuma ba wahala kaɗai za ka gani ba. Za ka ga yadda ake raba gardamar iyakar gona a zauren mai unguwa ba lauya ba takarda, da yadda adashi da gudummawar biki suke tsaya wa mace a matsayin banki, da yadda tsoho ke duban gabas ya ce a kwance awaki ruwa na tafe, ya kuwa zo.

Wannan hanya ta tafiya ba baƙuwa ba ce wurinmu. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi, zango-zango, kowane gari da fatomansu, har wasu suka yi aure suka kafa unguwannin da ake kira zango a Gana har yau. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ta wannan hanya ya sauka Salaga, daga baya ya zauna Kete Krachi har rasuwarsa a 1934, ya bar rubuce-rubuce masu yawa game da rayuwar mutanen da ya zauna cikinsu. Alhazan ƙafa shekaru suke yi a hanya, su yi damina a nan su noma guzuri, su ƙara gaba, garin Mai Wurno a Sudan shaida ne. Ɗan cin rani ma da ya sauka gari ba ya tashi sai ya san kowace kwana ta cikinsa. Kakanninmu ba su da kalmar yawon buɗe ido, amma in ɗayansu ya ce ya san gari, to ya san shi.

Mun san abin da wasu za su ce: ai mu ma 'yan ƙauye ne, me za a koya mana? Wasunmu haka ne, kuma muna sara musu. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Da yawa a birni aka haife mu, ƙauyen suna ne a takardar shaidar ƙaramar hukuma. Waɗanda aka haifa can kuwa, tun suna shekara goma sha biyu makarantar kwana ta ɗauke su, ba sa komawa sai da salla, kwana uku, cikin sabuwar shadda. Sa'an nan a ƙauyenku kai ɗan wane ne. In gidanku na sarauta ne, talaka ba zai buɗe maka ciki ba. In kuna da tsohuwar gaba da wani gida, ƙofarsa a rufe take gare ka tun kafin a haife ka. Abin da ka tashi kana gani kullum kuma idonka ya daina ganinsa. Don haka muka ce ƙauyen da ba naku ba. Bakano ya gwada ƙasar Argungu, Basakkwace ya gwada bakin Haɗeja, wanda ya iya kuma ya je inda Hausa ba ita ce harshen gida ba, ya ɗanɗana yadda ake ji in ana dariya ba ka san dalili ba. Hidimar ƙasa da aka kafa a 1973 da irin wannan niyya aka kafa ta, sai ga shi tun daga sansani kowa neman hanyar da za a bar shi a babban birnin jiha yake yi.

Magana mai nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba za mu kewaye ta ba. Tun 2009 rikici ya raba ɗimbin mutanen arewa maso gabas da garuruwansu. Daga wajen 2011 'yan bindiga suka addabi karkarar Zamfara, abin ya bazu zuwa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja. A Disambar 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makaranta guda a Ƙanƙara. Akwai ƙauyukan da ko 'ya'yansu ba sa iya kwana cikinsu, kuma baƙo mai kama da ɗan masu hali yana iya jawo wa kansa da masu masaukinsa bala'i. Ba mu ce kowa ya je irin waɗannan wurare ba, kuma duk wanda ya je don nuna jarumtaka wauta ya yi. Sai a je ta hannun wanda ya san wurin, abokin karatu ko abokin aiki ɗan garin, a ji ta bakin iyayensa, a sanar da hakimi ko dagaci, in suka ce a dakata a dakata. Amma kada tsoro ya sa mu shafa wa karkara duka baƙin fenti. Ƙauyuka da yawa suna zaune lafiya. Kuma wanda ke lissafin haɗari ya sa har da na doguwar mota mai kwana biyar a kan manyan hanyoyi, direba ba barci, ana tsere da rana.

Sai kuma maganar nauyi a kan mai masauki. Mutumin ƙauye zai ba ka tabarmarsa ya kwana a ƙasa, ya ba ka tuwonsa ya ce ya ƙoshi, ba kuwa zai taɓa cewa ka biya ba. Wanda ya zauna wata guda yana ci daga rumbun da ke gab da ƙarewa, ya tafi da "Allah ya saka da alheri" kaɗai, zalunci ya yi, ko da da murmushi aka raka shi. A tafi da hatsi da mai da sabulu, a miƙa ta hanyar da ba za ta kunyata maigida ba, a kuma riƙe fartanya ko da za a yi dariyar yadda aka riƙe ta. A Senigal an taɓa tsara abin da kyau. Cikin shekarun 1970 ƙauyukan Kasamans irin su Elinkine da Enampore suka gina masaukan baƙi da irin ginin gargajiyarsu, gadaje kaɗan, mutanen gari ke tafiyar da su, ribar kuwa ta shiga aikin gayya kamar ɗakin shan magani da ajin makaranta. Rikicin da ya ɓarke a yankin a 1982 ya gurgunta harkar, wanda ya nuna cewa irin wannan baƙunci ba ya rayuwa sai da zaman lafiya. Duk da haka dabarar tana nan ga ƙananan hukumominmu da ƙungiyoyin ci gaban gari in suna so.

Waya kuma a yi hattara da ita. Mutane ba namun Yankari ba ne. Ɗaukar hoton yaro mai tsumma ko tsohuwa tana surfe a watsa a Facebook ko TikTok don a tara yabo cin amanar gishiri ne, kuma yanzu ƙauyen ma akwai waya, za su gani. A nemi izini, in an ƙi a haƙura. Haka nan a bar wa'azin zamani a gida. Ɗalibin aji biyu da ya sauka yau, gobe ya fara koya wa sarkin noma tazarar shuka, shi zai zama abin hira a dandali har baɗi. Littafin rubutu da alƙalami sun isa, kuma a rubuta da dare, ba a gaban mai magana ba.

Ga ƙungiyoyinmu na sassa da na jihohi, ga abin da muke roƙo. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin shatar mota ya zama abin da ke cinye mafi yawan abin da ake tarawa, har yawon ya koma na masu hali. Kuɗin da zai kai mota ɗaya jiha huɗu ya komo da ita zai iya kai ɗalibai bibbiyu ƙauyuka da dama a motar haya, da buhun hatsinsu. A ware ko da rabi ne a gwada bana. A haɗa kowane biyu da ɗalibi ɗan garin da zai tsaya musu, mata a sauke su cikin gida wurin iyaye mata da yardar nasu iyayen. In sun komo, kowa ya rubuto shafi biyar a kan abu guda da ya gani da idonsa, rijiya ce ko kasuwa ko makaranta, a kuma aika wa mutanen ƙauyen da kwafi a karanta musu, don su gyara inda aka yi kuskure. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga mafi kyawunsu. Ƙananan ma'aikata kuwa ba su bukatar izinin kowa, hutun shekara nasu ne.

Lokacin tafiya, in kalandar jami'a ta yarda, damina ce, ko da yake ita ce mafi wuya. A tafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi da takalmin roba da tocila, a tafasa ruwan sha ba tare da an yi shelar ana tafasawa ba. A isa gari da rana tsaka, kada a yi sallama da dare, kuma a fara da gaisuwa wurin mai gari kafin a kwance kaya. Wanda ya sauka a ƙarshen Yuli zai tarar ana maimai, rumbuna sun yi ƙasa, hatsi na tsada a kasuwa. Zai sha marka a Agusta, hanya ta yanke kwana biyu ko uku. In ya daure har ƙarshen watan, a wurare da yawa zai tarar gero ya fara nuna, a gasa masa tumu.